Wuƙar Halidu a Akwatin Alli

Inna Tabawa, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don jarrabawar satifika ta matso, ni kuwa na rasa mai hankali ɗaya a garin nan da zan zauna da shi mu yi magana irin ta waɗanda suka yi karatu. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, garin ma ba zan faɗa ba. Ki dai sani yana bakin kwalta, akwai asibitin mishan a gefensa, kuma mutanensa sun fi duwatsun Adar taurin kai.

Ni mushen lakkol ne, wato malamin makaranta, haifaffen Madawa, aji shida nake riƙe da shi. Bara aka tura ni Tawa wani taron ƙara wa juna sani da wani purje, irin ƙungiyoyin tallafin nan, ya shirya, kan yadda za a daidaita yara a makaranta, mace da namiji, ɗan Musulmi da ɗan Kirista, ɗan manomi da ɗan makiyayi. Da na dawo, direktanmu Mushe Isaka, mutumin da ba ya son duk abin da zai tashe shi daga inuwar itacen bedi, ya ce tunda ni na je na sha lemun taron, to in riƙe komitin daidaiton. Na karɓa hannu biyu. Na jawo mushe biyu sababbin fitowa, muka zama mu uku.

Inna, da kin ga yadda na tarar da lakkol ɗin nan, da kin riƙe baki. Ƴaƴan ma'aikatan asibiti, galibinsu Kirista, su ne a bencin gaba, da takalmansu da ɗan Faransancin da suka tsinta a gida. Ƴaƴan manoma a tsakiya. Ƴaƴan Buzaye da Fulani kuwa can jikin bango, inda ko allo ba a hangowa. Shara ta mata ce, ɗaga tuta da buga ƙararrawa na maza. Ba wanda ya taɓa cewa a yi haka, ba kuma wanda ya taɓa cewa a daina. Darasin da na fi riƙewa daga Tawa shi ne, duk abin da ka ga hannu ɗaya ne ke riƙe da shi kullum, to akwai wanda aka danne. Sai na kawo juyi. Benci ya riƙa zagayawa, maza suka ɗauki tsintsiya, ƴar Buzaye ta ɗaga tuta a gaban kowa. Iyaye suka yi ta gunaguni, suka gaji suka bari. Ban faɗa don yabon kai ba, amma abin da na gyara a shekara guda, waɗanda suka riga ni sun tsufa suna kallonsa.

To, ga inda aka samu matsala. Iyayen yara sun haɗu sun gina mana aji na ƙasa a madadin rumfar karan da iska ke kwashewa kowace shekara, aka ce a yi bukin buɗewa. Aka sayo ƙaton rago a kasuwar Madawa, aka shirya za a rarraba naman cikin tukwanen miya duka, don kowa ya samu ko da romo ne. Insipekta ma ya zo da motarsa.

Akwai wani dattijo a garin, zan kira shi Halidu. Manomi ne, gero da dawa. Ba liman ba ne, ba mahauci ba ne, bai taɓa shiga aji ba. Amma tun kafin a haife ni, in ji su, duk Kiristan da zai yi yanka, ko na Kirsimeti ne, ko suna, ko aure, sai ya aika a kira Halidu da wuƙarsa. Ya yanka, a ba shi wuyan yanka, ya saɓa ya tafi. Ni tun da na ji wannan labari raina ya ɓaci. Mutum da dabbarsa, a gidansa, ranar sallarsa, a ce ba shi da ikon sa wuƙa? In wannan ba danniya ba ce, mene ne sunanta? Ga shi na san malamai a birni sun ce yankan ma'abota littafi halal ne, ni kaina Musulmi ne, ba wanda zai koya mini.

Ranar bukin, an kayar da rago, Halidu ya fito yana naɗe hannun riga, ya zare wuƙarsa daga kube, ta sha washi sai ƙyalli take. Ni kuwa lasifika na hannuna. Na ce jama'a su saurara, yau lakkol za ta koya wa gari darasi, zamanin da hannu ɗaya ke riƙe da wuƙa ya wuce. Na miƙa hannu cikin ladabi na karɓi wuƙar daga hannun Halidu, na kira Baba Mika, dattijon majami'a, wanda ke duba jini a asibiti, na ce ya zo ya yanka. Mika ya yi ta girgiza kai yana ja da baya, har ya raɗa mini cewa in rufa masa asiri. Na ɗauka kunya ce irin ta wanda aka daɗe ana dannewa. Na ce a tafa masa, yara suka tafa, insipekta ya tafa. Na danƙa masa wuƙar. Ya dubi Halidu, Halidu ya dubi ƙasa. Ya yanka.

Da faɗa suka yi mini, Inna, da na ji daɗi, don ina da amsar kowa a baki. Aka dafa, aka zuba, aka jera kwanoni a tabarmi. Sai na ga dattawa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, su sha ruwa, su yi wa sabon aji addu'a, su sa takalmi. Mata suka kira ƴaƴansu. Abin da ya fi ba ni haushi, su kansu Kiristan da na yi dominsu, yawancinsu ba su ci ba. Lai'atu matar Mika ta zauna bakin murhu tana share hawaye da gefen zane, sai ka ce mutuwa aka yi. Insipekta dai ya ci ya ƙoshi, ya ce na burge shi, ya shiga mota. Sauran abincin haka ya yini a rana har ya yi tsami.

Halidu kuwa ya tsaya jim da kube babu wuƙa, sannan ya kama hannun ƴarsa Hindatu suka fita. Tun ranar ba ta sake tako lakkol ba.

Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Hindatu ita ce ta ɗaya a ajina. Na koyar a Ibohamane, na koyar a nan, ban taɓa ganin kai irin nata ba. Burinta ta zama ungozoma. Shekarar da yajin aiki ya cinye ta riga ta ci mata lokaci, shekarunta sun kai iyaka, in ba ta zauna jarrabawar bana ba, kolej ta wuce ta har abada. Bencinsu ɗaya da Esther ƴar Mika, yanzu Esther ke zaune ita kaɗai, ta ƙi yarda kowa ya zauna a wurin. Duk sanda na juyo daga allo na ga gurbin nan, sai in ji kamar in fasa ihu.

Na aika wa Halidu wuƙarsa ta hannun mai gadin lakkol. Ya maido ta, wai wanda ya karɓa shi zai kawo. Ki ji girman kai! Tana nan cikin akwatin da nake ajiye alli. Na aika a gaya masa ilimin ƴa mace haƙƙi ne, ya ce lakkol ɗin da ta iya karɓe wa uba wuƙa a gaban ƴarsa, ta riga ta koya wa ƴar abin da ya ishe ta. Duk a kan me? A kan wuyan rago. Mika kuma, da na zaci zai zo har gida ya yi mini godiya, yanzu in mun haɗu a hanya sai ya amsa gaisuwa a daƙile ya wuce. Ka ɗaga mutum, ya ƙi ɗaguwa. Mushe Isaka ya ce shi babu ruwansa, ba da shi aka je Tawa ba.

A gida ma ban tsira ba. Matata Fatsima tsohon ciki gare ta, haihuwa yau ko gobe, ragon suna ma yana ɗaure a tsakar gida. Matan unguwa sun ɗauke ƙafa, Musulmin da Kiristan duka. Kullum sai ta ce in je in ba da haƙuri. Haƙurin me? Laifin me na yi? Don na ce ɗan Adam duk ɗaya ne?

Abin da na yanke shi ne in kai maganar gaban insipekta da sufurefe mai mulkin yanki, a turo jandarma su nuna wa Halidu cewa akwai hukuma a ƙasar nan, a fito da yarinyar ko yana so ko ba ya so. Fatsima ta ce in na yi haka ita gidansu za ta tafi wanka ba ta dawowa. Shi ya sa na ce bari in ji ta bakin wadda ta waye. Ki gaya mini, Inna, ta wace hanya ake cusa wa irin waɗannan mutane wayewa?

Mushe Mai Son Gyara, daga wani gari a bakin kwalta


Mushe, na karanta wasiƙarka har ƙarshe, na cire tabarau na goge, na sake karantawa, ko zan ga wurin da ka tambayi wani mutum wani abu kafin ka aikata. Ban gani ba.

Bari in fara ba ka abin da yake naka. Juyin benci aiki ne mai kyau. Ɗan makiyayin da ya fara hango allo bana ba zai manta da kai ba, kuma tsintsiya ba ta taɓa karya hannun ɗa namiji ba. A nan ka ga danniya ta gaskiya, ka gyara, Allah ya saka maka. Halidu ma ban wanke shi ba. Kai ka ɓata masa, ba Hindatu ba, kuma uban da ya huce fushinsa a kan karatun ƴarsa ya yi kuskure, ko da shi aka zalunta. Da shi ya rubuto mini, da haka zan gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Amma ba shi ya rubuto ba, kai ne.

Ka zauna a gari, ka ga al'ada, ka yi mata fassara daga taron Tawa, ba ka taka ƙafa ka je gidan Mika ka ce Baba, me ya sa kuke kiran Halidu ba. Da ka tambaya, da ka ji abin da kowace tsohuwa a yankin nan ta sani. Ba wanda ya hana Kirista yanka dabbarsa. Mutumin da ke ɗibar jinin mutane kullum a asibiti, wuyan rago ne zai gagare shi? Shi da kansa yake aikawa a kira maƙwabcinsa, don in an dafa ya iya zuba wa gidan Halidu, da gidan liman, da duk wanda suke katanga ɗaya, su ci hankalinsu kwance. Mai gida ne ya ajiye wuƙarsa da gangan don baƙinsa su sa hannu a kwanonsa. Halidu kuma da yake barin gonarsa ya je gidan Kirista ranar Kirsimeti, kana tsammani ba a taɓa yi masa gori a kai ba? Ya yi ta zuwa duk da haka. Abin da purje ya tara ku a Tawa yana ba ku lemu don ku koya, waɗannan dattawa biyu sun daɗe suna yinsa ba tare da komiti ba. Kai ka tsaya kallon hannun da ke riƙe da wuƙa, ka manta ka dubi hannuwan da ke shiga kwano.

Zancen halaccin yankan ma'abota littafi, ni ba malama ba ce, kuma na san malamai da yawa suna faɗin abin da ka faɗa. Sai dai ba wanda ya zo filin lakkol ranar nan don ɗaukar karatu, kuma ba a sauya wa mutum abin da zuciyarsa ta natsu da shi ta lasifika. Ka ci fuskar dattijo a gaban ƴarsa da wuƙarsa ta kansa. Ka sa Mika a tsaka mai wuya: ya ƙi, ya kunyata ka gaban insipekta, ya yarda, ya kunyata amininsa. Ya roƙe ka ka rufa masa asiri, ka ce a tafa masa. Sannan kana zaune kana jiran ya zo godiya! Hawayen Lai'atu kuwa ba na rago ba ne. Tana tunanin Kirsimeti mai zuwa ne, da kwanonin da za ta aika a dawo mata da su a rufe.

Na kuma lura da komitinka na daidaito: kai da mushe biyu sababbin fitowa. Ba uwa ko ɗaya, ba Buzu, ba Bafulatani, ba Kirista, ba manomi. Mutum uku masu wando iri ɗaya sun zauna suna daidaita gari. A wasiƙarka ka kira mutanen nan masu taurin kai, marasa wayewa, alhali su suka kwaɓa ƙasa suka gina maka ajin da kake tsayawa a ciki. Wanda ka raina ba ka iya yi masa adalci, ko da ka haddace duk abin da aka faɗa a taro.

Batun jandarma, ka cire shi daga ranka tun yau. Ko da sun zo sun fito da ita, ka yi tunanin yarinyar da za ta zauna jarrabawa bayan ta ga an tasa ƙeyar ubanta saboda ita. Me za ta rubuta? Wane gida za ta koma? Kuma washegari ba Hindatu kaɗai za ka rasa ba, duk mai ƴa a ajinka zai kira abarsa. Fatsima ta fi ka gaskiya, ka saurare ta.

Ga abin da za ka yi. Ka fara sa Mushe Isaka ya tabbatar cewa ba a cire Hindatu daga masu zaman jarrabawa ba, wannan kam ko daga inuwar bedi zai iya. Esther ta riƙa kai mata darasi gida, ba wanda zai kori ƴar Mika daga gidan Halidu. Sannan ka je wurin Mika tun da safe, ka ba shi haƙuri, don shi ma ka cuce shi. Ka roƙe shi ya raka ka. Ka fitar da wuƙar nan daga cikin alli, ka goge ta, ka shafa mata mai, ka riƙe ta da hannunka, ku tafi lokacin da Halidu ke zaune da dattawa a ƙofar gida. A bainar jama'a ka karɓa, a bainar jama'a za ka mayar. Ka cire takalmi, ka durƙusa. Kada ka yi Faransanci, kada ka ambaci Tawa, kada ka ce amma. Ka ce ka yi kuskure, ka yi shiru. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha, bai kai abin da ya sha ba. Maganar Hindatu kuma ka bar wa Mika ya ɗauko ta, bakinsa ya fi naka nauyi a gidan nan. In Halidu ya cije, to Fatsima da Lai'atu su shiga wurin uwar yarinyar, a kuma nemi liman ya sa baki. Ban yi maka alkawarin zai sauko a zama ɗaya ba. Amma mutumin da ya ce wanda ya karɓa shi zai kawo, ai ya riga ya gaya maka ƙofar a buɗe take, kai ne girman kai ya hana ka ji.

Komitin kuma kada ka ajiye shi, aikin yana da amfani. Ka dai sa iyaye a ciki, mata da maza, har da na rugage, kuma duk abin da ka ga bai yi maka ba, ka fara tambayar wa ya ƙulla shi, don me.

Saura ragon da ke ɗaure a tsakar gidanka. Kafin ka tashi daga gaban Halidu, ka roƙe shi alfarma ɗaya: in Allah ya sauki Fatsima, shi zai yanka. Ka gayyaci Mika da Lai'atu da duk unguwar asibiti. Ranar suna ka ajiye lasifika, ka naɗe wando, ka durƙusa ka danne ƙafafun ragon, Halidu ya riƙe wuƙarsa. In an gama ci, ka leƙa tukwane ka ga ko akwai abin da ya rage.

Allah ya sauki Fatsima lafiya, ya raya abin da za a haifa. Allah ya maido Hindatu bencinta kusa da Esther kafin ranar jarrabawa, ya ba ta sa'a. Kai kuma, ɗana, baki ka riga ka samu, Allah ya ƙara maka da kunne.

Inna Tabawa